Harafin Ƙ da Lambar da Ke Ƙasa da Sifili

Kwamfuta ba ta san riba ba, ba ta san bashi ba. Jerin sifili da ɗaya kaɗai take ajiyewa. Kowane guda ana kiransa bit, takwas daga cikinsu kuwa su ne bayit, wanda ke da siffofi 256. Saɓani yana kunno kai ne wajen karanta su. Bayit ɗin da dukkan gurabensa takwas ke ɗauke da ɗaya, 255 ne a wurin mai ƙirga daga sifili zuwa sama, amma −1 ne a wurin wanda ya ɗauki bit na hagu a matsayin alamar lambar da ke ƙasa da sifili.

Harsunan tsara manhaja ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. A Java, bayit yana tsakanin −128 da 127. A C#, yana tsakanin 0 da 255. Harshen C kuwa bai yanke hukunci a kan nau'in char ba: a mafi yawan kwamfutocin x86 yana da alama, a Linux na na'urorin ARM ba shi da ita. Python yakan tilasta wa mai tsarawa ya zaɓa, domin a sashen struct ƙaramin b na mai alama ne, babban B na marar alama.

Manazarcin Hausa yana da ruwa da tsaki a nan. A tsarin UTF-8, ƙaramin harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153. Java yakan karanta su −58 da −103, wato an cire 256 daga kowanne. Harafin a kuwa 97 ne a ko'ina. Saboda haka manhajar da ke jera kalmomin ƙamus ta hanyar gwada bayit masu alama za ta sa "ƙasa" gaban "abinci", yayin da takwararta marar alama za ta jefa ta bayan "zuma". Duka biyun sun saɓa wa jerin haruffan Hausa, inda ƙ ke biye da k.

Maganin karatun bayit sananne ne: & 0xFF a Java, unsigned char a C. Jerin ƙamus kuma sai an rubuta masa ƙa'idarsa daban. Alama yarjejeniya ce tsakanin mai ajiye bayani da mai karanta shi, don haka ya wajaba duk mai tara matanin Hausa ya rubuta ta a fili kafin bayanan su bar hannunsa.