A-KORI-KURA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kiru ko Bebeji ba sai an kwatanta masa a-kori-kura ba. Ita ce ke kai amarya, ita ce ke ɗauko masara daga Doguwa, in kuma naƙuda ta yi gardama cikin dare, ƙofar mai ita ake bugawa.

Ta kawuna Peugeot 404 ce, wato Fijo, irin wadda ta cika ƙasar nan bayan an buɗe masana'antar Kakuri a Kaduna cikin 1975. Ranar kasuwa sai a loda mata buhuna har bayanta ya durƙusa, mutane su hau kan buhunan, yaron mota kuma ya maƙale a ƙarfe, a tashi daga Kwanar Ɗangora a nufi Tudun Wada. In aka shiga dajin Falgore kowa bakinsa ya mutu, sai addu'a, don ba wanda ke fatan lagireto ya tafasa a wannan wuri.

Da na zo jami'a ne na karanta cewa mutanen Barazil ma suna da tasu. Kamfanonin Amurka ne suka zauna a ƙasar suka ƙera su: Ford F-1000 mai shan man dizal daga 1979, da Chevrolet D-20 daga 1985. An daina yin su tun kafin shekarar 2000, amma har yau manoma na aiki da su, saboda kowane bakanike ya san cikinsu.

To, nan ne abin ya tsaya mini a rai. Mu ma fa haka tamu take. Bakaniken Kwanar Ɗangora da bai taɓa shiga aji ba yana iya kwance injin Fijo ɗaiɗai, ya mayar kafin la'asar, waya da guntuwar roba ma sun ishe shi wani gyaran. Kaduna ta daina harhaɗa 504 a 2006, kayan gyara suka koma sai gwanjo, masu hannun kuwa tsufa ya kama su. Motocin da suka maye gurbi suna da kyau, ban musa ba, amma in ɗaya ta yi fushi a hanyar Riruwai sai an ɗauko mai kwamfuta daga Kano, kaya kuwa na zaune a rana.

Ta kawu tana nan a ƙofar gida, bisa duwatsu, kaji na ƙwai a gaban direba. Masu sayen ƙarfe sun yi tayi sau biyu. Ya ce su bari sai bayan ransa.