Filin Kawu a Kambole

Ranar da muka tashi daga Sokode zuwa Kambole, ni sayen yazawa ya kai ni. Kawuna kuwa, wanda ya shekara goma sha yana fatauci a wannan yanki, yana da wata bukata: ya nuna mini filin da ya saya don gina sito. Muka bi ta Camba, muka karkata kudu, kusa da iyakar Benin. Gonakin yazawa da na doya ne dama da hagu har muka shiga gari.

Mutanen Kambole harshensu dangin Yarbanci ne, amma a kasuwa Hausa na tafiya. Bayan mun yi azahar, Kawu ya ja ni bayan gari. Da muka isa sai ya yi turus. An kafa turakun siminti a cikin filin, har an zuba yashi tifa guda.

Na ce, “Kawu, kai ka sa a kawo yashi?”

Ya ce, “Ina fa! Ko bulo ɗaya ban saya ba tukuna.”

Kwana biyu muna zirga-zirga kafin zancen ya fito fili. Wanda ya sayar wa Kawu ɗa ɗaya ne cikin 'yan gado masu yawa. Wani ɗan'uwansa kuma ya sayar wa wani. A hannun Kawu babu komai sai rasit da shaidu biyu, ɗayansu ma ya rasu. A Togo ƙasa mai yawa ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba, kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu yana cikin rigingimun da suka fi cika kotunan ƙasar.

A gidan wani dattijon zango aka zauna. Ya dubi Kawu ya ce, “Alhaji, rasit shaidar ka ba da kuɗi ce. Ba ita ke ba ka ƙasa ba.”

Daga wannan zama na kwaso abin da nake so 'yan'uwa fatake su riƙe. Dokar ƙasa da Togo ta yi a watan Yuni 2018 ta ɗora mallaka a kan takardar da ake kira titir fonsiye, kuma ofishin rajistar filaye yana ƙarƙashin hukumar haraji ta OTR. Kafin ka ba da ko kafin-alƙalami, ka nemi takardar da ke nuna dangi sun wakilta mai sayarwa. Ka ɗauko mai awon ƙasa mai lasisi ya auna. Ka bincika ko wurin bai faɗa cikin filin da gwamnati ta keɓe don hanya ko makaranta ba. Ciniki kuma a rubuta shi gaban noter, wato jami'in da doka ta ba wa wannan aiki. In kuma kai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da izinin hukuma za ka sayi fili. Kada ka ce za ka kauce ta hanyar sa sunan aboki. Ran da ya rasu, 'ya'yansa za su gaje shi, naka su zuba ido.

Bayan takarda, sai tambayar wa zai kama haya. A Kambole harkar yazawa ta 'yan watanni ce, sito yakan yi rabin shekara a kulle. Sokode kuwa hedikwatar yankin tsakiya ce, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Lome, ga ma'aikata, ga direbobi, ga ɗalibai. Fili ya fi tsada, amma shago ba ya daɗewa babu mai shi.

Mako na gaba na wuce Dapaong, can arewa, hanyar Sinkase da Burkina Faso. Kasuwa na ci, manyan motoci na wucewa. Sai dai tun watan Yuni 2022 aka sa yankin cikin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan iyaka, kuma shingayen jami'an tsaro kan hanya suna tuna maka da haka. Wani dillali ya yi ta kwaɗaita mini fili a wajen gari, wai araha. Na yi masa godiya na wuce. Kaya in hali ya ɓaci kana iya lodawa a mota, gini kuwa nan za ka bar shi.

Kawu ya samu rabin kuɗinsa bayan dattawa sun sa baki, sauran har yau ana cewa gobe. Yanzu hayar sito yake yi lokacin yazawa kawai. Da na tambaye shi ko zai sake saye, ya ce, “In Allah ya yarda. Amma wannan karon sai na ga takarda kafin in buɗe jaka.”