Tsiren Briqueterie da Guggurun Silima

Duk wanda ya ratsa unguwarmu ta Briqueterie bayan magariba ya san ƙanshinta: hayaƙin tsire, wanda mutanen Yaounde ke kira soya, da yajin kilishi, da shayin bakin titi. A nan ciniki a buɗe yake. Idan wannan mahauci ya tsawwala, ga maƙwabcinsa.

Daga nan zuwa Ngoa-Ekelle babu nisa, amma kasuwar daban ce. Bayan rufe silimar Abbia a 2009, birninmu ya shekara bakwai babu babban gidan silima, sai a 2016 aka buɗe CanalOlympia a harabar Jami'ar Yaounde I. A irin waɗannan gidaje, gugguru da lemon kwalba sukan fi na waje tsada ƙwarai. Dalili kuwa, kuɗin tikiti rabawa ake yi da masu fim, amma ribar abinci ta gidan ce, ga shi mai sayarwa ɗaya ne tak.

Saboda haka, ya ku magidanta, mu yi lissafi tun daga gida. Mu ƙosar da yara kafin a fita, tsiren unguwa kuwa yana nan yana jiranmu idan mun dawo.