St. Louis ta Kano da Darajar Jeka-ka-dawo

Matafiyin da ya taso daga Rano ya shiga Kano, idan ya nufi Sabon Gari da Bompai, can bayan ganuwa, zai tarar da wani babi na tarihin iliminmu. A 1948 sistocin St. Louis na ɗarikar Katolika suka iso daga ƙasar Ailan, Kano ce kuma zangonsu na farko a Nijeriya. Da yake Turawan mulki sun hana mishan aiki a cikin birni, a waje suka kafa firamare, da kuma sakandaren 'yan mata ta Bompai.

Firamaren ta jeka-ka-dawo ce, ta kuma samu amincewar iyaye Musulmi. Yaro ya yi boko da safe, da yamma ɗan Musulmi ya tafi Islamiyya, tarbiyya kuma tana hannun iyaye. Benci ɗaya ya haɗa Bahaushe da Ibo da Bayarabe, iyayensu suna gaisawa a bakin ƙofa lokacin tashi.

Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana, iyaye da yawa kuma suka ji tsoron tura 'ya'yansu nesa. A ƙauyukan Rano da Kibiya, yarinyar da ta gama firamare ba sakandare a kusa, sau da yawa nan karatunta yake tsayawa. Abin da take buƙata shi ne makaranta mai nagarta wadda za ta taka da ƙafa, ta dawo gida kafin la'asar.