Keken Gado Da Keken Lantarki

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, tilas ne ya ratsa ta Boɗinga kafin ya kai Shagari. Hanya ce mai tarihi, domin kuwa a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, a Boɗinga kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya yi zama kafin ya tare a Gwandu. Ita kuwa Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, malamin makarantar da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Dawaki sun bi wannan hanya, jakuna da raƙuma sun bi ta, sa'an nan dokin ƙarfe, watau keke, ya zo ya ci nasa zamani. Labarin da za a bayar a nan na wani malamin firamare ne mutumin Boɗinga, da kekunansa biyu, da wani tsoho mai gyara wanda ya ƙi yin aikin da aka kawo masa.

Shi wannan malami an tura shi koyarwa ne a wani ƙauye cikin ƙasar Shagari, ratar kuwa tsakanin gidansa da makarantar ta haura kilomita 20. Shekara da shekaru a kan babur yake zuwa ya komo. Ana nan sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kafin mako ya zagayo kuɗin lita ya ninka fiye da biyu. Malam ya zauna da alli ya yi lissafi a bayan ƙofar ɗakinsa, ya ga in ya ci gaba da hawan babur, to, tanki zai riga iyalinsa cin albashi. In kuwa ya riƙa fashin zuwa aiki, ga yara fiye da sittin a aji ba mai kula da su, ga kuma tsoron takardar gargaɗi. Ya jingine babur a zaure ya shiga neman mafita.

Cikin wannan hali ne ya ci karo da wani tsohon keken lantarki a wurin masu kayan gwanjo a Sakkwato. Mai kayan ya rantse masa caji kawai yake bukata. Malam ya biya, ya ɗora shi a mota zuwa gida, ya jona shi kwana biyu, ko motsi bai yi ba. Uwargidansa ta dube shi ta dubi keken, ta ce araha ba ta ado, ta koma ɗaki.

Kada mai karatu ya zaci keken lantarki baƙon jiya ne a duniya. Tun a 1895 wani mutumin Amurka mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keken da aka dasa wa inji a cibiyar wilin baya, da batir mai ƙarfin bolt 10. A 1897 Hosea Libbey na birnin Boston ya fito da nasa mai inji biyu a wurin feda. Abin da ya hana su yaɗuwa shi ne nauyin batir da ƙarancin abin da yake riƙewa, ga shi kuma fetur ya yi arha. Sai a 1993 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da keken da injinsa ke taimaka wa mahayi gwargwadon yadda ya taka feda. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma ƙasar Sin ta shiga ƙera su da yawan gaske, akasarinsu da batir na darma da ruwan asid, irin na mota amma ƙarami. Wanda Malam ya saya daga cikin wannan zuriya ya fito: injin wat 250 a wilin baya, wili mai inci 26, da batir uku masu bolt 12 da aka jera suka ba da bolt 36, kowane ɗaya nauyinsa ya kusa kilo 4.

Da dare ya yi, Malam na kwance a zaure yana tunanin asarar da ya yi, sai idonsa ya faɗa kan wani abu da ya daɗe da daina gani, ko da yake kullum a ƙarƙashinsa yake wucewa. Keken mahaifinsa ne rataye a jikin azara, gizo-gizo ya yi masa riga. Marigayin shi ma malamin makaranta ne. A 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, abokansa suka sayi babura da rediyoyi, shi kuwa ya sayi baƙin keke ƙirar Raleigh, wanda bakin Bahaushe ya sassauta ya koma Rali. Asalin kamfanin a Nottingham yake ta ƙasar Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19, daga baya ya kafa masana'anta a Kano. A wancan zamani keke ba abin rainawa ba ne. Da shi malami da ɗan kasuwa da ma'aikacin gona suke fita kunya, akan yankar masa lasin, akan kama wanda ya hau shi da dare ba fitila, har ma Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya yi masa waƙa sukutum. Amma ranar da aka raba gadon marigayin babu wanda ya miƙa hannu wajen keken, saboda haka ya faɗo cikin rabon Malam, ya rataye shi ya manta. Sau biyu masu sayen tsohon ƙarfe suna taya shi a kan kilo.

Nan take dabara ta faɗo masa. Ƙashin keken lantarkin ya yi laushi, na Rali kuwa ƙarfe ne na gaske. Me zai hana a cire injin wancan a ɗaura wa wannan?

Da safe ya tura su biyun zuwa rumfar wani tsoho mai gyaran keke da ke gindin dogonyaro a bakin titi, wanda kowa ke kira Baba. Bayan sun gaisa, Malam ya durƙusa ya ce, "Baba, so nika yi ka cire injin wanga keke ka ɗaura ma na Malam."

Baba bai ko dubi na lantarkin ba. Ya kama Rali ya goge goshinsa da bakin riga har hoton zalɓen da ke jikin lambar kamfanin ya fito. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, na san wanga keke tun ba a haihe ka ba. Ranad da mahaihinka yas sayo shi ina yaron shago, ni niɗ ɗaure mai sirdi. Zauna ka ƙirga min sifok ɗin wilin baya."

Malam ya ƙirga ya sami 40. Ya ƙirga na gaba ya sami 32. Baba ya sa shi ƙirga ramukan da ke jikin injin lantarkin, ya sami 36.

"To, kai ka san lissahi," in ji Baba. "Mi za mu yi da huɗun da sunka rage?"

Ba nan matsalar ta tsaya ba. Baba ya nuna masa cewa sandar da ta ratsa injin ta fi ƙarfin bakin ƙarfen da wilin Rali ke zama a ciki, ba za ta shiga ba sai an gurje shi da magagari, abin da aka gurje kuwa ba ya komawa. Ya nuna masa birkin, wanda na sanda ne mai jan roba ta matse cikin wili, an yi shi ne daidai gudun ƙafar mutum, in ruwan sama ya jiƙa wilin ma da ƙyar yake kamawa. A ɗora masa inji mai gudun kilomita 25 a awa da batir mai kilo 12, akuya guda ta isa ta raba mutum da haƙoransa. Daga nan ya ajiye magagarin ya ce, "Akwai masu yi maka wanga aiki in ka tahi birni. Ni dai hannuna ba ya gurzar keken Malam. In ka yarda, mu tada kowane bisa ƙahwahunai."

Malam ya koma gida ransa a ɓace, domin gyara biyu ya fi gyara ɗaya tsada, kuɗin kuwa babu. Ya kwana yana juya maganar. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda tsohon ya goge lambar nan da rigarsa, alhali shi da ya gaji keken bai taɓa kai hannu ya share masa ƙura ba. Da gari ya waye ya je ya roƙi abokan aikinsa su ba shi kwasar adashin wannan wata, ya kai wa Baba kafin alƙalami.

Aikin Rali ya ci mako uku. Baba ya wargaza shi ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa ceni da notuna cikin kananzir kwana uku har tsatsa ta saki. Ya buɗe cibiyar feda ya zazzage boris a tafin hannu, ƙwaya 11 a kowane gefe, ya zubar da waɗanda suka ci, ya cika gurbinsu da sababbi cikin giris. A nan ne ya koya wa Malam wani abu da ba kowane mai gyara ya sani ba. Zaren da kamfanin Raleigh yake yankawa a jikin ƙarfensa a wancan zamani layi 26 ne a kowane inci, na galibin sauran kekuna kuwa 24 ne. Wanda bai sani ba sai ya sayo sabon kofi a kasuwa, ya ga ya fara shiga, ya matsa da sufana, ya kashe zaren har abada. Don haka Baba ya kwance wani tsohon gwangwani da ya shekara da shekaru yana tara kayan Rali a ciki, ya zaɓo abin da ya dace. Sirdin fata da ya bushe kamar ƙirgi, ya yi ta shafa masa kitse yana ajiye shi a inuwa har ya yi laushi. Wili mai inci 28 kuwa, ya kafa shi yana juyawa, alli a hannu ɗaya, yana ɗaure wannan sifok yana sassauta wancan, yana kaɗa su da farce yana sauraren ƙararsu, har rawar wilin ta ɗauke. Fenti ne kaɗai ya ƙi taɓawa. Ya ce baƙin asali ko ya koɗe ya fi sabon da za a fesa.

Na lantarkin kuwa, Baba ya faɗi gaskiya cewa iyakarsa taya da birki da boris. Ya aika aka kira jikansa, wani saurayi mai gyaran wayar hannu da haɗa fitilun sola a cikin kasuwa. Yaron ya zo da ɗan ma'auninsa ya auna batir ukun, ya ce sun mutu murus. Ya bayyana cewa batirin darma in aka bar shi ba caji wata da watanni, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan da ke cikinsa, daga nan ko an jona shi ba ya karɓa. Ya kwance injin tare da kakansa, suka tarar wayoyin tagulla lafiya lau, sai dai 'yan gawayin nan da ke goga a ciki, waɗanda masu gyaran janareto ke kira buroshi, sun cinye. Yaron ya samo na wani ƙaramin janareto, Baba ya gurza su da magagari har suka zauna daidai. Aka sake wata waya da ta ƙone, aka sayo sababbin batir da ragowar kuɗin adashi. Ranar da wilin ya juya da kansa, tsohon ya ja da baya yana salati, yaron yana dariya. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

A yammacin da Malam ya zo karɓar Rali, Baba ya kwantar da kan dinamo a jikin taya, ya ɗaga wilin ya murza feda. Fitilar gaba ta kawo haske ja-ja, bolt 6 da wat 3 kacal, irin hasken da marigayin ya riƙa komowa gida da shi bayan magariba. Baba ya ce, "Ka gani? Shi ma shina da lantarki nai, sai dai daga ƙahwarka shika ɗebo shi."

Tun daga lokacin Malam ya koma zuwa aiki kullum a kan keken lantarki. Ya koyi taka feda a kan tudu don ya rage wa batir wahala, ya koyi jona shi da zarar ya sauka, ya kuma koyi ajiye shi a inuwa, domin zafin bazarar ƙasar Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, yana rage kwanan batir. Rali kuwa ya koma zaure, amma a ƙasa, tayoyinsa cike da iska.

Cikin watan Agusta aka yi kwana huɗu ba wuta, hadari kuma ya rufe rana har farantan solar yaron suka kasa cika ko waya. Ranar jarrabawar yara ce. Malam ya yi sallar asuba ya hau keken mahaifinsa. Ya isa Shagari jiƙe da gumi, cinyoyinsa na rawa, ya tsaya gindin wata bishiya ya sha ruwa. Wani dattijo da ke zaune a kan tabarma ya ƙura wa keken ido, ya taso da sandarsa ya kewaye shi, ya taɓa sirdin, ya ce, "Yaro, wanga ba keken Malam na ba, wanda yak karantar da mu?" Malam ya ce shi ne, shi kuma ɗansa ne. Dattijon ya tambayi lafiyar mai keken, aka faɗa masa. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce bisa kariyar keken nan aka taɓa kai shi asibiti yana yaro, kunama ta harbe shi a aji. Malam bai taɓa jin wannan labari ba. Ya ƙarasa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai in an sami wanda ya san inda aka ajiye ta. Baba ya shekara goma ba shi da yaron shago, domin samari sun koma acaba. Bayan gyaran kekunan nan biyu ne jikansa ya fara rufe shagon waya da la'asar, ya zo gindin dogonyaro ya zauna, alli a hannu, yana juya wili, tsohon na gefe yana gaya masa wane sifok zai ɗaure.