Hanyar Damazin da Kofin da Ba a Buga Ba

Daga Makwar na kama hanyar kudu, wadda ke bin yammacin Shuɗin Kogin Nilu, ta ratsa Maiwurno da Sinja har ta dire a Damazin. Tafiyar ta riga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Abin da ya ɗaga ni shi ne son ganin garin da aka ware wa wasan ƙarshe na Kofin Sudan na 2013 tsakanin Al-Hilal da Al-Merrikh, wasan da ba a buga ba saboda Al-Hilal ta ƙi zuwa, aka miƙa wa Al-Merrikh kofi ba tare da an gwabza ba. Irin haka ta sake faruwa a 2015, lokacin da aka kai wasan Dongola. Ra'ayin da na fita da shi, wanda hanya ta ƙara ƙarfafa mini, shi ne cewa wasan ƙarshe na kofin ƙasa hakkin jihohi ne, kuma manyan ƙungiyoyin Umdurman biyu suna da bashin zuwa su buga shi a gaban mutanen da suka yi shekara da shekaru suna goya musu baya daga nesa.

Makwar kanta hujja ce. A nan Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, ginin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 3, kuma daga bakinta babbar magudanar ruwa ta tashi ta shayar da gonakin audugar Jazira. Cikin hannayen da suka tsinci audugar nan akwai na Hausawa da Fulani da Barebari, mahajjatan da suka yada zango don neman guzuri, zango ya zama gida. Jikokinsu ne na gani a tashar mota da kasuwa, suna cinikin kifi da albasa da Larabci, suna juyawa su gaisa da Hausa. Kusan kowace rumfar shayi tana da alamar ɓangarenta: shuɗi da jinjirin wata na Al-Hilal, ko ja da rawaya da tauraro na Al-Merrikh. Tsakanin garin nan da Khartum akwai kusan kilomita 300, don haka yawancin masu wannan ƙauna ba su taɓa taka filin da Al-Merrikh ta buɗe a 1964 ba, ko na Al-Hilal da aka buɗe a 1968. Rediyo ne ya raini iyayensu a kan wannan hamayya, gidajen kallo kuma suka raini 'ya'yan.

Ba a yi nisa ba muka shiga Maiwurno, garin da ya ɗauki sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya wanda ya faɗi a Burmi a 1903. A nan ne na fi fahimtar nauyin abin. Bahaushen Sudan ya daɗe yana jin ana kiransa Fallata ko Takari, wani lokaci da sigar da ke nuna cewa baƙo ne ko da kakansa a nan aka binne shi. Amma ranar da Hilal da Merrikh za su kara, tambaya ɗaya ake yi wa mutum: Hilalabi ne kai ko Merrikhabi? Ba a neman takardar ɗan ƙasa kafin a karɓi amsa. Al-Merrikh ta samu sunanta a 1927, Al-Hilal aka kafa ta a 1930, wato sun girmi 'yancin kan Sudan na 1956, kuma suna cikin 'yan abubuwa ƙalilan da mutumin Fort Sudan da na Niyala da na Maiwurno suka yi tarayya a kai. Har da Najeriya labarin ya haɗa: Bendel United ce Al-Merrikh ta doke ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1989, kuma sanye da rigarta ɗan Najeriya Endurance Idahor ya faɗi a fili ya rasu a Maris na 2010. Ƙungiyar da ta ci moriyar irin wannan ƙauna ta faɗin ƙasa ba ta da bakin cewa ita ta unguwa ɗaya ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bayan Sinja hanya ta yi tsawo, gonakin dawa da riɗi suka shimfiɗu hagu da dama, kwalta ta lalace a wurare da yawa. A nan ne hujjar masu adawa ta fi kama hankali, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa Damazin ta haura kilomita 500 daga babban birni, jiharta ta Shuɗin Nilu ta shiga yaƙi tun 2011, filayen jihohi ba su da ciyawa mai kyau ko masaukin da ya isa, kuɗin ƙofa kuma ba zai kama ƙafar na Umdurman ba. Maganar tsaro gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a tura 'yan wasa inda rayukansu ke cikin haɗari. Sai dai hukunci ne da ya kamata hukumar ƙwallo da jami'an tsaro su yanke tun farkon gasa, a rubuce, kada ya zama ƙofar da ƙungiya za ta fice ta cikinta duk lokacin da ta ɓata da hukuma. Batun fili kuwa, tarihi ya riga ya amsa shi. Wad Madani, hedikwatar Jazira, ta karɓi wasannin Kofin Afirka na 1970 wanda Sudan ta lashe bayan ta ci Ghana ɗaya da nema, ta kuma karɓi na gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2011. Ba a gyara fili sai an san za a yi baƙi, saboda haka hana jihohi wasa don filinsu bai da kyau shi ne tabbatar da cewa ba zai taɓa kyau ba.

Akwai wata adawar da ta fi wannan zurfi, daga masu kishin ƙwallon jihohi. A ganinsu Hilal da Merrikh su ne cutar: sun mamaye gasar lig kusan kowace shekara, suna kwashe duk yaron da ya yi fice, har ƙungiyoyi irin su Ahli Madani da Ittihad Madani suka koma masu renon 'yan wasa domin wasu. Kawo su Damazin, in ji su, ƙara musu sarauta ne. Na yarda da rabin maganar. Amma gasar kofi ita ce kaɗai inda ƙaramar ƙungiya ke iya fitar da babba a yini ɗaya, kuma yaron da ya ga wasan ƙarshe da idonsa a garinsu ya fi saurin yarda cewa shi ma zai iya kai wa can. In aka ware wani kaso na kuɗin wasan ga ƙungiyoyin jihar da ta karɓi baƙunci, zuwan manyan zai zama ciyarwa maimakon kwasa.

A Damazin, daura da madatsar Rusairis da aka gama a 1966 aka ƙara mata tsayi a 2013, na tarar da gari mai tara kabilu: Barta, Hamaj, Funj, Ingasana, Larabawa, Hausawa. Jihar nan ce rikicin ƙasa da sarauta ya ci rayuka masu yawa a cikinta a 2022, kuma Hausawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba na da'awar cewa minti casa'in na ƙwallo za su warware rigimar gona; wannan aikin shari'a ne da siyasa. Abin da nake cewa shi ne, garin da mutanensa ke da dalilai da yawa na rabuwa yana buƙatar ranar da layin rabuwar zai zama shuɗi da ja kawai, Bahaushe da Bahamaje su zauna benci ɗaya suna zagin alƙalin wasa ɗaya.

Yaƙi ya zo ya rushe sauran uzurin. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar a Disambar 2023, Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato su. Filayen Umdurman suka daina karɓar wasa, Hilal da Merrikh suka yi gudun hijira suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya, daga baya suka nufi Ruwanda. Ƙungiyar da ta iya zama a Nuwakshot ba za ta sake cewa Damazin ta yi nisa ba. Idan ƙura ta lafa, ya kamata hukumar ƙwallon Sudan ta sa a dokarta cewa wasan ƙarshe na kofi zai riƙa zagaya jihohi bi da bi, a sanar da gari tun kafin a fara gasa, wanda ya ƙi zuwa kuma ya rasa gurbinsa na shekara mai zuwa. Jihar Shuɗin Nilu ce ta cancanci zagayen farko, domin tun 2013 take bin bashi.