Salansar Babur: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

A wannan wata muna so mu tattauna da ku a kan wani abu da mutane da yawa suka ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa yana taɓa aljihunmu da lafiyarmu, wato salansar babur.

Duk wanda ya san Kete Krachi ya san cewa tun da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, Tafkin Volta ya cinye tsohon gari, ya kuma kusan kewaye sabon. In za mu Dambai sai mun shiga jirgin fito, in kuwa Salaga ko Yendi muka nufa, to tafiya ce mai nisa ta arewa. Hanyoyin ƙauyukanmu laka ce da damina, rairayi da rani. Saboda haka babur ya zama jakinmu na wannan zamani. Shi ke kai mu malamai makarantun ƙauye, shi ke ɗauko doya daga gona da kifi daga bakin ruwa, kuma sau da yawa shi ke kawo mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

To, mai irin wannan aiki ba gudu yake bukata ba. Abin da yake nema shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa, wato babur ya tashi da kaya ba tare da an murɗa totur har ƙarshe ba, ya hau gangaren bakin ruwa a giya ta ɗaya ko ta biyu bai mutu ba. Amma me muke gani? Saurayi ya tara kuɗi, wani ma har ya je Bawku ko kasuwar Sinkase ta kan iyakar Togo ya sayo sabon babur, kafin mako ya zagayo ya kai wa mai walda ya farke salansar, ya zare hanjinta, ko ya sa wata gajeriya mai faɗin baki. Da ya ji ƙara ta cika unguwa sai ya ce ai inji ya buɗe. Kunnensa ne ya yaudare shi.

Bari mu yi bayani yadda muke yi wa yara a aji. Yawancin baburanmu na yau, masu inji 100 zuwa 150, suna aiki da bugu huɗu ne: inji ya shaƙi iska da mai, ya matse su, ya ƙone su, sannan ya fitar da hayaƙi. A ƙarshen bugu na huɗu akwai ɗan lokaci ƙanƙane da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. Idan hayaƙin yana fita da sauri, sai ya bar gurbi a bayansa, wannan gurbi ya zuƙo ragowar hayaƙi, ya kuma taimaka wa sabon mai ya shigo. Da haka silinda ke cika da kyau, ƙarfi ya samu.

Ku dubi ruwan kogi. Inda ya matse tsakanin gaɓa biyu yana gudu, amma da ya shigo faɗin tafki sai ya kwanta. Haka hayaƙi yake. Lokacin da inji ke juyawa a hankali hayaƙin kaɗan ne, in ka ba shi bututu mai faɗi sai ya yi sanyin tafiya, wani ma ya koma cikin silinda ya gurɓata sabon mai. Tsawon bututu ma yana da nasa aiki, domin dogo yana taimakon inji a ƙasa, gajere kuwa sai inji ya kai ƙarshen kukansa yake amfani. Shi ya sa masu tsere ke son gajere mai faɗi. Mu kuwa wace tsere muke yi da buhun gari a bayanmu?

A nan sai mu gyara wata magana da ake yawan faɗa a gareji, cewa wai inji yana son a toshe masa numfashi kaɗan. Ba toshewa yake so ba, saurin fitar hayaƙi yake so. Salansar da ta lotsa ko ta cika da baƙin toka ita ma tana kashe ƙarfi. Dattawanmu da suka hau Yamaha AG100, irin wanda malaman gona suka yi yayi, za su tuna yadda ake ciro salansa a ƙone tokar cikinta. Wannan inji mai bugu biyu ne, kuma a irinsa siffar bututu ita ce rabin ƙarfin, kamar yadda injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya nuna wa duniya tun shekarun 1950.

Kada kuma mu raina salansar da babur ya zo da ita. Kafin kamfanin Honda ya fitar da CG125 a 1975, sai da ya tura mutanensa ƙasashe masu tasowa suka ga yadda ake labta wa babur kaya, ba a kuma kula da shi yadda ya kamata. A kan wannan suka tsara injin, kuma baburan Sin da yawa da ke hannunmu yau samfurinsa suka bi. Waɗanda suka auna bututun nan sun auna shi tare da kabureta da bawul. Wanda ya farke shi yakan sa iska ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi, yana tari in an saki totur, a kwana a tashi bawul ya ƙone. Sannan da yake babur ba ya ja, sai mai shi ya riƙa wasa da kulochi, shi ma ya cinye. Kuɗin da aka ba mai walda ya haifi kuɗin makaniki.

Saboda haka ga shawararmu ga wanda salansarsa ta ruɓe, wanda yakan faru da wuri a nan saboda laima da laka. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, ka gwada faɗin bututu da tsawonsa, kada sabuwar ta fi ta faɗi ko ta gaza ta tsawo. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka leƙa ciki. In kana hango haske daga wannan baki zuwa wancan, to fanko ce, araha kuwa ba ta ado. Ka sa masta ya canja gasket na wuyan inji, domin ɗan yoyo a wurin yana ɓata komai. Bayan kwana biyu a ciro fulogi: in bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, in ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, sai a daidaita kabureta. Wanda kuma yake son ƙarin ja saboda kaya, ya ƙara haƙori biyu ko uku a farantin sarƙa na ƙafar baya. Gudu zai ɗan ragu, amma wannan ya fi kowace salansa aiki.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, in mutum ya daɗe cikinta kullum, tana rage ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Mu da ke tsaye gaban allo mun san sau nawa muke katse darasi har babur ɗaya ya wuce. Haka liman a masallaci, haka majinyaci a kan gado.

Muna roƙon iyaye, da sarakunan Zango, da shugabannin makanikai na Krachi, Salaga, Yendi da Bawku, su ja hankalin yaranmu da lalama, su nuna musu dalili, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya sa albarka a cikin abin hawanmu, amin.